Daga Dama Malam Yake Karatu

Takardar ta dawo hannun Sauda a ninke gida huɗu, da ɗan tabon tawada a gefe, alamar dai Malam ya riƙe ta da hannunsa.

Innarta ce ta miƙo mata a tsakar gidansu na Wurno, ba ta ko yarda sun haɗa ido ba.

"Mi yac ce, Inna?"

"Cewa yay yi gonar yaron ga mutuwa takai. Yac ce ga shi nan ke da kanki kin zana mai, kullum sauka, kullum sauka."

Sauda ta buɗe takardar ta ƙura mata ido. Zane ne na buhunan albasar da Jelani, mai neman aurenta, yake samu a gonarsa ta rani a ƙasan dam ɗin Goronyo, shekara shida a jere. Layin ya taso daga ƙasa a hagu ya hau sama a dama. Ko makaho ya shafa ya san hawa ne.

"Inna, wane irin sauka? Hawa hwa na!"

"Ni dai ga wada nig ga ya yi," in ji Inna. Ta ɗora yatsa a gefen dama na takardar, can saman layin, ta jawo shi a hankali zuwa hagu har ƙasa.

Sauda ta zauna a kan turmi ba ta shirya ba.

Malam Abdulƙadiri, mahaifinta, tun yana yaro yake karatu, har ya tsufa yana karantarwa a zaurensa, kuma duk takardar da ta taɓa shiga hannunsa daga dama ake fara ta. Ba wanda ya tuna da wannan. Ita da ta yi digiri ba ta tuna ba, balle Jelani da ya ɗauko takardar yana ta murna.

Dariya ta so kamata, sai ga hawaye. Ta gaji. Shekara ta uku ke nan ana abu ɗaya.

Malam bai taɓa cewa Jelani yana da mugun hali ba. Bai ce asalinsa na Giyawa bai yi masa ba. Maganarsa ɗaya ce, ba zai ƙara ba manomin rani 'ya ba. Ya ba da Uwaliya, yayar Sauda, ga wani manomi a Shinaka, ruwa ya yanke musu shekara biyu, ga masu bindiga sun hana zuwa gona, ta dawo gida da yara uku duk ta rame. Tun daga ranar Malam ya ɗaure fuska ga duk mai warin albasa. Da aka matsa masa a bana, kawunnai da abokai suka sa baki, sai ya ce to, a nuna masa gonar yaron nan gaba take yi ko baya. Aka nuna masa. Ga abin da ya gani.

Washegari ta koma Goronyo, inda take aiki a ofishin ƙungiyar manoman rani. Ɗaki ɗaya ne da fanka mai kuka, da wata tsohuwar kwamfutar cinya da wasu masu tallafi suka bari. Kwamfutar ba ta ɗaukar manyan manhajoji, da an buɗe su sai ta sandare. Wata mai hidimar ƙasa, Asabe, ita ta koya wa Sauda dabara kafin ta tafi. A shafin rubutu zalla ake yin komai, ba ado ba hoto. Jadawalin ma da sanduna da ɗigo-ɗigo ake gina shi, shekara a layi ɗaya, buhuna a ɗaya. A saman jadawalin sai a rubuta umarni, wane suna za a sa wa zanen, wane layi zai kwanta a ƙasa, wane zai tashi tsaye, wace kala, wane kauri. A danna madannai biyu, zane ya fito.

Mutanen ofis sun ɗauke shi tamkar tsafi. Sauda kuwa ta iya shi har tana yi tana hira.

Ta buɗe jadawalin Jelani ke nan ta ji ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa.

Tambari ne, jami'in gona daga Rabah. Tun da ya ƙyalla ido ya ga Sauda, ofishin nan ya zame masa hanyar ko'ina. Zai je Sakkwato, sai ya biyo ta Goronyo, wai a kan hanya take. Kowa ya san ba a kan hanya take ba.

"Malama Sauda, sannu da aiki. Na ji an kai ma Malam takarda."

"Labari dai ba shi kwana, Yallaɓai."

"Ni ban zaka in yi dariya ba." Ya ja kujera ya zauna, ya gyara hula. "Tausai nika ji. Kina wahal da kanki, kina wahal da tsoho. Ni albashina ba shi jiran a buɗe dam. Ko an yi ruwa ko ba a yi ba, wata na ƙarewa shina shigowa. Malam ya san haka, shi as sa ya ka amsa gaisuwata da hannu biyu."

"To ka ci gaba da gaishe shi, lada ta."

Ya yi murmushi, irin na wanda ya san lokaci yana gefensa. Abin haushin, ba mugun mutum ba ne. Da mugu ne da ta samu abin da za ta kai ƙara. Ya ajiye mata ledar lemo a kan tebur ya fita, ta bi ledar da harara.

Bayan azahar Jelani ya zo. Ƙafafunsa duk laka ta bushe, idanunsa sun yi ja don rana. Bai zauna ba, ya jingina da ƙofa. Ta ba shi labarin yatsan Malam tun daga farko, tana jiran ya yi dariya. Bai yi ba.

"Ka ji hwa, Jelani, kuskure na kawai. Daga dama yaf fara. Yanzu zan gyara."

"Ki gyara."

"Mi ad da kai? Kana magana awa wanda anka yi ma mutuwa."

Ya kalli fankar ya ce, "Iya ta kira ni jiya. Ta tara kawunnaina. Tac ce ta gaji da zama abin magana Giyawa, ana cewa ɗanta ya liƙe ma gidan malamai suna kora tai awa akuya. Tac ce ko dai a tsaida magana satin ga, ko ta aika gidan Kawu Lauwali a nema min ɗiyatai Mairo."

Sauda ta ture kwamfutar gefe.

"Kai kuma mi kac ce?"

"Na yi shiru."

"Shiru? Shekara uku, Jelani, sai ka yi shiru?"

"Sauda, na yi magana bara. Na yi magana bara waccan. Na durƙusa mata har tay yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Uwata ta. Hawan jini gare ta. Kina so in kashe ta da bakina?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Ni hwa? Ni ba uwa gare ni ba? Ka san abin da nika ji gida? Ƙannena biyu an kai su ɗaki, ni ina nan ina jiran albasa ta yi kyau. Kowace Juma'a in koma Wurno ana kallona awa mai ciwo. Ban taɓa ce maka na gaji ba."

"Ni ina hwaɗa miki yau, na gaji." Muryarsa ta karye. "Ba da ke ba. Wallahi ba da ke ba. In na kwanta ke nika gani, in ina ban ruwa ke nika gani. Amma ban da sauran ƙarhin da zan tsaya tsakanin Malam da Iya. In yac ce i, gobe kawunnaina na Wurno. In yac ce a'a, ban san mi zan ce mata ba kuma."

Kowa ya yi ta kukansa. Can ta jawo kwamfutar gabanta da ƙarfi.

"Zo ka tsaya nan ka gani."

Ta hau layin umarni. Kalma ɗaya ta ƙara, wadda ke juya kwanciyar shekaru, ta danna. Zanen ya fito, tsohuwar shekara ta koma dama, bana ta dawo hagu. Ta goge shekarun Turawa ta sa na Hijira. Ta mai da lambobin duka na Larabci, irin waɗanda Malam yake rabon gado da su. Ta canza jan layin zuwa kore, don ta san ja a wurin Malam tawadar gyaran kuskure ce. Ta ƙara masa kauri saboda idon tsoho. Ta gwada rubuta sunan zanen da ajami, haruffan suka fito a warwatse kowanne ya kama gabansa, ta yi tsaki ta goge, ta bar gurbin ta ce da hannu za ta rubuta.

Jelani ya leƙo. Karon farko a ranar fuskarsa ta ɗan saki.

"To, yanzu ko daga ina yaf fara?"

"Daga inda ya saba. Hawa zai gani."

Sai dai hawan bai cika mata ido ba. Daga buhu hamsin da biyu zuwa sittin da ɗaya, a shekara shida. A takardar farko ma ta ɗan datse gindin zanen, amma kaɗan. Yanzu ta kalli layin, ta tuna fuskar Malam, ta tuna Mairon da ba ta taɓa gani ba amma ta riga ta tsane ta. Ta koma layin umarni ta rubuta cewa ƙidayar gefe ta fara daga hamsin ta tsaya a sittin da biyu. Ta danna.

Layin ya miƙe tsaye kamar mai hawa katanga.

"Kai!" in ji Jelani. "Sauda, gonata ba ta yi irin wanga tsalle ba."

"Na canza maka lamba ko guda?"

"A'a, amma..."

"To ka bar ni. Ba ƙarya niy yi ba. Wurin da babu komi nid datse, don shi gani da kyau."

Ya ƙyale ta. Mutumin da ya gaji ba ya jan gardama. Ita ma a ranta ta san ta ɗan taimaka wa layin, amma ta ce ai kowa yana gyara kayansa kafin ya kai kasuwa.

Ranar Juma'a ta shiga motar Wurno da takarda a cikin jaka, da kwamfutar a goye, ko za a nemi ƙarin bayani. Jelani ya biyo bayan motar a kan babur, ya tsaya can nesa da gidan, gindin wata bishiyar dogon yaro.

Bayan la'asar ɗalibai suka watse, ta yi sallama a zaure. Malam yana zaune a kan buzu, littattafai kewaye da shi. Ya tsufa a 'yan shekarun nan, ta lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Baba, na zo da takardag ga kuma. Waccan ni niy yi kuskure, na rubuta ta irin ta boko, daga hagu. Wagga daga dama taka farawa."

Ya sa tabarau. Ya karanta sunan da ta rubuta da ajami, ya ɗan gyaɗa kai, don hannunta yana da kyau kuma shi ya koya mata. Ya ɗora yatsa a dama ya bi layin har sama. Ya nemi tsohuwar takardar, ya jera su biyu, ya dubi wannan ya dubi waccan. Sai ya yi 'yar dariya, abin da ta daɗe ba ta ji ba.

"Ashe ni ab baya, ba gonar ba. Allah shi gahwarta muna. Na zalunci yaron ga da yatsana."

Sauda ta sunkuyar da kai don kada ya ga murnarta.

Malam bai ajiye takardar ba. Yatsansa ya koma gefe, inda lambobin suke a tsaye. Da can, da suke na boko, tsallake su ya yi. Yanzu kuwa nasa ne, yana karanta su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi.

"Sauda."

"Na'am, Baba."

"Mi as sa ƙidayag ga taf fara daga hamsin? Ina sauran?"

"Wurin... babu komi wurin, Baba. Don zanen shi fito da kyau na."

"Ni dai tun da nika lissahi, daga babu aka farawa. In mutum ya mutu ya bar dukiya, ba a cewa a ɗebe hamsin a aje sannan a raba." Ya nuna jakarta da haɓa. "Abin ga naki na iya farawa daga babu?"

Ta so ta ce caji ya ƙare. Ƙaryar ta zo har bakinta ta tsaya. Ta fito da kwamfutar, ta goge hamsin ta sa sifiri, ta danna, ta juya masa allon.

Layin ya kwanta. Yana can sama, yana tafiya a hankali, yana ɗan ɗagawa kaɗan-kaɗan, har sai an lura.

Malam ya bi layin da yatsa daga dama.

"Wanga shi na gaskiyar gonatai?"

"Shi na, Baba."

"To ai wanga ba abin kunya ba na. Mutum shina samun sama da hamsin kowace shekara, bai taɓa hwaɗuwa ƙasa ba, har shina ɗan ƙaruwa. Irin wanga aka nema ga namiji. Da shi kinka kawo min, da na ce a turo."

Sauda ta ɗago da sauri. "To Baba, ga shi ai ka gani..."

"Yaron ga yas sa kinka datse?"

"Wallahi a'a! Har cewa yay yi in bari. Ni niy yi, ni kaɗai."

"Shi na abin da nika tsoro." Ya cire tabarau ya ajiye a kan littafi, ya murza idanunsa. Ba faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. "Kin san Uwaliya shekara biyu tana zuwa gidan ga da zanen aro? Tana shahwa mai ta yi kwalli, ta ce min Baba lahiya lau muke, hatsi na nan. Ɗiyanta na kwana da ruwan zahi. Ba mijinta yas sa ta ba, so na. Ni ina nan zaure ina karatu, ɗiyata na mutuwa da yunwa ban sani ba, don ta iya gyara min labari. Yau ga ki, ba a ko ɗaura ba, kin fara gyara min."

"Baba, ka yahe min. Tsoro nij ji. Na ga shekara na wucewa..."

"Na yahe miki. Amma ba ni ba da ke bisa takarda, tunda takardar hannunki taka bi. In Allah ya kai mu rani mai zuwa, ni da kaina zan tahi gonar, in ga shuka, in ga cira, in ƙidaya da idona. In na ishe haka, shi ke nan."

"Rani mai zuwa?" Ta rarrafo ta kama gefen buzunsa, kuka ya ƙwace mata. "Baba, ba su jira! Uwatai tac ce satin ga. Don Allah, don darajar iyayenka, ka ce su turo, ka tahi gonar daga baya. Wallahi in ka ce rani mai zuwa ka raba mu."

"Wanda yaj jira shekara uku shina jiran guda. In bai iya ba, to kin ga amsarki."

"Ba shi na ba, Baba, uwatai ta..."

"Na gama magana, Sauda. Tashi ki shiga ciki."

Ya jawo littafi ya buɗe. Bai sake ɗagowa ba.

Ba ta shiga ciki ba. Ta goge fuska da gefen hijabi ta fita ƙofar gida. Jelani yana hango ta ya miƙe daga kan babur, ya taho yana gyara rigarsa, ashe har wanka ya yi ya sa ta Juma'a.

"Mi yac ce?"

"Yac ce gonarka ba ta da laihi. Yac ce irinka aka nema."

"Alhamdu lillahi!" Ya ɗaga hannu biyu sama, fuskarsa ta washe gaba ɗaya. "Alhamdu lillahi! Sauda, to mi kika ma kuka?"

"Ni ta bai yarda da ni ba. Ya gane datsewad da niy yi. Yac ce sai rani mai zuwa, sai ya gani da idonai."

Hannuwan Jelani suka sauko a hankali. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ta so ya ce, ta so ya zage ta ma, ko ta samu abin riƙewa. Ya tsaya kawai yana kallon ƙasa.

"Jelani, ka yi magana. Shekara guda ta. Zan tahi Giyawa in durƙusa ma Iya da kaina. Ka ce wani abu, don Allah."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya fito da ita, suka ga sunan tare. Iya.

Tun da suke, ko wa ya kira shi a gabanta yake ɗauka, wani lokaci har ya miƙa mata ta gaisa. Ya kalli wayar, ya kalli Sauda, idanunsa suka cika taf.

"Ina zuwa," ya ce.

Ya juya mata baya, ya yi ta tafiya har ya wuce dogon yaron, inda ba za ta ji ba, sannan ya kai wayar kunnensa.